Ranar da Marlys Tollefson Ta Ce A'a

A duk faɗin Halstrom, wani ɗan gari da ke bakin tafki a arewacin jihar Minnesota ta Amurka, babu wanda ya taɓa jin kalmar "a'a" daga bakin Marlys Tollefson. Ba wai sauran mutanen garin sun iya faɗarta ba ne. Su ma idan ka tambaye su abin da ba sa so, sai su zuba wa takalmansu ido su ce, "Bari mu gani." Amma ita Marlys ko "bari mu gani" ɗin ya fi ƙarfinta. Tata amsar guda ce tun tana 'yar yarinya: "To, ba laifi."

Da wannan "ba laifi" ta yi aikin girki a makarantar firamare har ta yi ritaya, yara na miƙo faranti tana ƙara musu, har hukumar makaranta ta gaji da yi mata magana ta ƙyale ta. Da shi ta riƙa karɓar rainon kuliyoyin maƙwabta, ita da gashin kyanwa ke sa ta atishawa. 'Yan tsegumi ma sun ce da shi ta auri Orval, wai ya tare ta a ƙofar coci ya tambaya, ita kuma ba ta san yadda ake ƙi ba. Wannan kam sharri ne. Ta so Orval so na gaske, kuma har yau ba ta matsar da kujerarsa daga bakin taga ba.

Orval shi ne shugaban 'yan sikawut na garin har Allah ya yi masa rasuwa. Tantunansu ita ke yi musu faci. Duk kaka yaran sukan fita tallan gugguru, a manyan gwangwanaye masu hoton barewa, kuɗin kuma shi ke kai su zango a daji idan zafi ya shigo. A cikin wannan hidima ɗansu Curtis ya tashi. Da mahaifinsa ya rasu, yana can birni yana aiki, amma duk ƙarshen mako sai ya tuƙo mota ya zo ya taya koyar da yaran.

To, a lokacin ƙungiyar tana da doka: namijin da ke son namiji ba ya shugabantar yara. Kowa a Halstrom ya san Curtis yana zaune da wani Desmond, kuma kowa ya yarda a kira shi "abokin hayarsa", an zauna lafiya. Sai wani mai dogon baki ya kai magana sama. Wendell Kuehn, aminin Orval wanda ya gaji shugabancin, shi aka ɗora wa isar da saƙon sallamar Curtis. Ya faɗa a wurin ajiye motoci, yana kallon takalmansa. Curtis ya kwance ƙyallen wuyansa na sikawut, ya ninke, ya ajiye a kan motar Wendell, ya tafi. Tun daga nan sai Ranar Godiya kaɗai, bikin ƙarshen kaka da iyalai ke taruwa su ci abinci tare, yake zuwa gida, shi kaɗai, ya ci talotalo, ya kama hanya tun kwanuka ba su bushe ba. Wendell kuwa, da can "Maman Curtis" yake kiranta, sai ya koma "Marlys", kamar sunan yaron na ƙona masa harshe. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma duk kaka idan aka zo da gugguru, kun san abin da take cewa.

Bana, da ganyaye suka fara zuba, Curtis ya bugo waya.

"Mama, Ranar Godiya zan zo da Desmond."

Saura kaɗan ta saki wayar don murna.

"Amma ina da roƙo. Kada ki sake sayen guggurun nan. Mutanen da suka ce ban cancanci tsayawa kusa da yara ba, ke ce kike saya musu tanti."

"Haba Curtis, ai yaran ba su san komai ba."

"Na sani. A cikin yaran nan akwai irina, Mama. Yana can cikin sanyi yana musu talla, su kuma suna jiran ya girma su kore shi. In na ga gwangwanin nan a gidanmu, ba zan iya zama ba. Ki yi mini alkawari."

"To, ba laifi," in ji Marlys.

Ta ajiye waya ta zauna. Curtis yana da gaskiya. Yaran da ke rawar sanyi a ƙofar kanti su ma suna da gaskiya. Ciwon Marlys ke nan tun fil azal, kowa ya yi magana sai ta ga gaskiyarsa.

Tunda baki ba zai iya ba, sai ta ce ƙafa ta yi. Ta daina zuwa kantin garin, inda yaran ke kafa tebur, ta tuƙa mota har gari na gaba don sayen madara. Tana isa ta tarar da 'yan sikawut na can sun kafa nasu teburin. Ta juya ba madara, ta sha kofi baƙi har mako ya fita.

Ran Asabar ta hango motar Wendell ta tsaya a ƙofar gida. Baiwar Allah, da shekarunta da ciwon gwiwarta, ta durƙusa ta rarrafa bayan doguwar kujera ta lafe. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya sake, shiru. To a Halstrom ba a kulle ƙofa, kuma idan motar tsohuwa na waje ba ta amsa ba, ana ɗauka ta faɗi ne. Sai ga Wendell a tsakiyar falo, yana kallon ƙafafunta.

"Subhanallahi! Marlys, faɗuwa kika yi?"

"Allura nake nema."

Mutumin kirki, ya cire hula ya durƙusa ya taya ta. Tsofaffi biyu suna rarrafe a kan darduma suna neman allurar da ba ta ɓata ba! Da suka gaji, ta ga ai rashin kunya ne mutum ya taya ka aiki ya tafi baki a bushe, ta haɗa masa kofi da kek. Yana goge baki ya ce, "Af, gugguru irin na bara za a kawo miki, ko? Babban nan mai zuma?"

Ta buɗe baki. Ta ji kalmar ta taso tun daga ciki, ta iso maƙogwaro, ta tsaya cak.

"To, ba laifi."

Gugguru ba a ranar ake ba da shi ba, sai sanyi ya kama ake bi gida-gida a raba. Sau da dama ta buga wa Wendell waya don ta ce ya bar shi, a ƙare da hirar gwiwa da man shafawa. Ga kuma wata matsalar: gwangwanayen shekarun baya suna nan a falo, ta jera su bibbiyu ta lulluɓe da ƙyallen saƙa sun zama tebura. Curtis ya sha ɗora kofinsa a kai bai sani ba. Amma an ce Desmond ido gare shi. Ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya, tana nishi, ta hau bene ta cusa su a tsohon ɗakin Curtis, ta danna ƙofa da kafaɗa. Ai dai ba kwana yake yi ba.

Ranar Godiya ta zo, gugguru bai zo ba. Marlys ta ce Allah ya sa Wendell ya manta.

Desmond dogo ne, mai dariya da ƙarfi, ma'aikacin jinya. Yana shigowa ya rungume ta ya ce, "Mama!" A Halstrom ko a maƙabarta kafaɗa ake dafawa, don haka ta sandare, amma har ranta ta ji daɗi. Aka zauna cin abinci. Ta zuba masa, ya cinye. Ta ƙara, ya cinye. Ta sake ɗauko cokali.

"A'a, Mama, na ƙoshi."

Marlys ta tsaya da cokali a sama. Haka kawai ya faɗa, yana murmushi, kuma rufin gida bai rufto ba, ita ma ba ta ji haushi ba. Tana cikin wannan mamaki aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Wendell ne, da ƙyallen wuyansa, rungume da gwangwani kamar jariri, barewa na kallon kowa. Daga teburin cin abinci ana ganin ƙofa sarai. Ta ji Curtis ya ajiye cokali. Ta ji ya ja kujera baya, makullin mota ya yi ƙara a aljihunsa.

"Ki yi haƙuri, Marlys, motar ce ta ba ni wahala. Ina zan ajiye miki?"

"A'," in ji Marlys.

"Lafiya? Shaƙewa kika yi?"

"A'a!"

Da yake ba ta saba ba, ba ta san da wane ƙarfi ake faɗa ba. Karen maƙwabta ya kama haushi. Wendell ya ja da baya har ya kusa zamewa a kan ƙanƙara.

Sai a lokacin ya hango su Curtis. Ya rage murya. "Marlys, dokar nan ba ni na kafa ba. In kowa ya ƙi saye, manyan da suka kafa ta ko a jikinsu. Yaran garin nan ne za su rasa zango."

"Tanti in ya yage ka kawo in ɗinke. Yaran ka turo su in cika musu ciki, ko kullum ne. Amma gwangwanin nan ba zai shiga gidan da ɗana yake ba." Baki ya riga ya buɗe. "Kai kuma ajiye shi nan ka shigo, kofi na kan wuta. Ka gaisa da ɗana da abokin ha..." Ta haɗiye sauran. "Da surukina."

Wendell ya kalli takalmansa. Ya ajiye gwangwanin a baranda. Ya daɗe yana goge ƙafa a kan abin goge ƙafa, har ka ce fata zai cire, sannan ya kwance ƙyallen wuyan ya sa a aljihu ya shigo.

"Curtis."

"Kawu."

"Sanyin bana ya zo da wuri."

"Ya zo kam."

Wai nan haƙuri ya bayar! Wallahi mutanen nan sai su kashe ka da takaici. Amma ya miƙa wa Desmond hannu, ya zauna, kuma da ya cinye kek ɗin kabewa ya ɗago faranti ya ce, "Maman Curtis, da sauran wannan?" Ta juya wajen murhu da sauri, wai tana duba kofi.

Da la'asar ta yi, lokacin da Curtis ya saba neman rigar sanyinsa, sai ya miƙe ya yi hamma. "Mama, mu fa kwana za mu yi. Bari in kai jaka ɗakina."

"To, ba lai... Curtis! Tsaya!"

Ina! Ya riga ya hau. Aka ji ƙofa ta buɗe, sai ƙara kamar motar kwanuka ta kife. Gwangwanaye suka gangaro ta matakala, barewa na bin barewa, ɗaya ya mirgino har ƙafar Wendell. Curtis ya tsaya a sama, fuskarsa ta canja. Marlys ta dafe kai. Shi ke nan, ya zo ya tafi.

Desmond ya ɗauki ɗaya ya jijjiga. Ya ɗauki wani ya duba murfin. "Curtis, zo ka gani. Ko ɗaya ba a buɗe ba."

Curtis ya sauko a hankali, yana ɗaga su yana dubawa. Wasu har fentin ya koɗe, amma ledar bakin tana nan yadda aka liƙa ta.

"Mama, duk shekarun nan ba ki ci ba?"

"Ina zan iya? Ƙin saye ne ya gagare ni. Amma tun ranar da aka kore ka, ko ƙwaya ɗaya ba ta wuce mini maƙogwaro ba."

Curtis ya zauna a kan matakala a tsakiyar gwangwanaye ya fashe da dariya, ya yi ta yi har hawaye suka zubo, dariyar ta ƙare hawayen ba su ƙare ba. Ya jawo uwarsa ya rungume, wannan karon ba ta sandare ba.

Can ta goge ido da gefen riga, ta waiwaya. "Wendell, bayan motarka ba kaya, ko? Tashi ka kwashe guggurunka. Ɗana zai kwanta."

Wendell ya kalli gwangwanayen, ya kalli takalmansa.

"To," ya ce, "ba laifi."