Mai Dokin da Baffa Yake Yi wa Magana

Ni ɗan fari ne, kuma mu mutanen ruga ne daga wajen Buji. Tun da aka haife ni Baffa, wato mahaifina, bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. Kunyar ɗan fari ke nan a wurinmu. In yana son ruwa ina tsaye a gabansa, sai ya dubi gefe ya ce, "Wai babu kowa ne a gidan nan?" Ƙannena su hau cinyarsa su ja masa gemu, ni kuwa ko ido ba ma haɗawa. Ban taɓa zaton ba ya sona ba, amma wallahi abin yana ci mini rai, har ni ma na yi gemu yana ci.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, sai na ɗauko shi zuwa gidana a unguwar Takur, cikin birni, don ni ne kusa da asibiti. Mutumin da ya kai shanu kudu da ƙafa ya dawo da su, yau ga shi a kan katifa a falo, taga ɗaya tana kallon katangar maƙwabci. Cikin sati biyu ya yi shiru gaba ɗaya. Fura ma sai ya kurɓa sau biyu ya ture kwanon. Likita ya ce mini magani ba zai yi komai ba in mutum ya saki rai, a riƙa jansa da hira. Hira! Da wa? Matata suruka ce, ita ma kunya. Ni kuwa in na zauna kusa da shi sai ya juya fuska bango. Ina kallo mahaifina yana ƙarewa, bakina a ɗaure.

To, ina da wata ɗabi'a da matata take kira aikin yara. In na taso daga ofis na yi la'asar, in akwai wuta, sai in jona gem, wato wasan bidiyo, a talabijin. Wanda nake bugawa lokacin na wani mai doki ne da aka sake shi a ƙasa mai faɗin gaske. Kai, waɗanda suka zana ƙasar nan Allah ya ba su hannu! Ciyawa tana kwanciya in iska ta bi ta kanta. Hadari yakan taso daga nesa kana kallonsa, har ya iso ya jiƙa gashin dokin. Duk dutsen da ka hango, in ka nufe shi za ka isa, ka hau, ka ga wata ƙasar a bayansa. Babu katanga, babu mai ce maka tsaya.

Ran nan ina neman wani kogi na rasa, sai zagaye nake yi ina tsaki. Sai na ji murya a bayana, a shaƙe don daɗewa ba a yi amfani da ita ba.

"Kai mai doki, ina za ka? Ruwa ba ya can."

Na saci kallo, sai na ga Baffa ya tokare da gwiwar hannunsa mai lafiya, idonsa a kan talabijin. Ba da ni yake ba, da mutumin ciki yake.

"Dubi inda itatuwa suka yi duhu. Ka bi gangaren nan, tsuntsaye ma can suke sauka."

Na juya dokin. Muna gama gangaren sai ga ruwa yana walƙiya. Ashe mutanen nan ba jefa kogi suka yi inda suka ga dama ba, sun ajiye shi inda ruwa yake zama, har makiyayi ya karanta ƙasar kamar tasa. Baffa ya ce, "Yauwa. Sauka ka shayar da shi."

Daga ranar na shiga uku. Mai doki ya samu uban gida. Ba a sukuwa a kan tudu, ba a kashe talabijin sai an kai dabba bakin ruwa. In faɗa ya taso, wanda shi ne ainihin wasan, sai ya ce, "Wuce abinka, me ya yi maka?" Babbar dokar kuwa ita ce gona. Rannan na yanke ta cikin wata gonar alkama don in rage hanya, sai tsohon nan ya daka tsawa har matata ta leƙo daga kicin.

"Gonar mutane! Kai wane irin mutum ne? Fita ka nemi burtali!"

Na dubi silin na ce, "Ai babu mai gonar, zane ne kawai."

Ya ce wa mai doki, "Ko ba ya nan, wani ya sha rana a kanta."

Haka muka zagaye, ni ina cika ina batsewa. Abokaina na ofis duk sun gama wasan, ni ina nan ina kiwon doki ɗaya. Amma kwanon fura ya fara komawa kicin babu komai a ciki, don haka na haɗiye haushina.

Sannu a hankali ya fara ba mai doki labari. In muka bi ta wani kwari sai ya ce ya yi kama da inda suka taɓa sauka da rani. Ya ba shi labarin bijimin da ya fi so, da shekarar da rijiyoyi suka ƙafe. Shekara arba'in ina jiran hirar nan, ga ta ina jinta ta ƙeya, ina riƙe da hannun gem.

Wata Juma'a da yamma muka hau wani tudu, ƙasa ta buɗe a gabanmu, ga kogi ga gonaki. Baffa ya ce a tsaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

"Kai mai doki, a wuri irin wannan nake da shanu aka zo aka ce mini an haifa mini ɗa. Na farko. Kwana biyu na yi ina tafiya, ko zama ban yi ba. Da na isa aka miƙo mini shi, mutane suna kallo, sai na juya na ce a kai wa uwarsa. Har yau hannuna yana jin abin da bai ɗauka ba."

Ya gyara kwanciya.

"Kai kana yawo da yawa. In ka gamu da shi, ka ce masa Allah ya yi masa albarka."

Ban juya ba, don in na juya na kunyata shi. Talabijin ɗin ta dushe mini don hawaye, na saki hannun gem. Dokin ya gangara da kansa, ya faɗa tsakiyar gonar alkama yana tattakawa. Baffa yana kallo, bai ce komai ba.