Kunyar da aka yabe ni da ita

Haihuwata ta fari a Gusau na yi ta, bayan suna aka kai ni Rawayya wankan jego wurin Inna, mahaifiyata. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, nama da yaji, babu abin da aka rage ni da shi. Ni ce dai ba na nan. In aka miƙo min yaron in ba shi nono, sai in ba shi ina kallon bango. Ba na jin sonsa, ba na jin ƙinsa, kuma tsoron faɗin haka ya fi komai cina.

Masu zuwa barka kuwa sai yabo. Goggo, yayar babana, ita ce shugabar maroƙan.

“Wagga ɗiya akwai alkunya! Ko kallon ɗan fari ba ta yi, awa mutanen da.”

Ina zaune ina ramewa kamar kazar mayu, ana sa min albarka. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Gida cike da matan da suka haihu suka aurar, babu wadda ta ce, “Ke, lafiya?”

Wata nas ce ta ce, ranar da muka kai yaron rigakafi Bungudu. Tambaya biyu ta yi min na fashe da kuka. Ta ce ciwo ne, ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma ana warkewa. Ta sa min wani abu a waya mai aiko saƙon murya da Hausa, ta ce akwai malamar da za ta riƙa kirana.

Bayan rumbu kawai sabis ke kamawa a gidanmu, can nake raɓewa in saurara. Malamar ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ba. Ƙananan ayyuka take ba ni: in ci abinci, in fito rana, in gaya wa wani abin da ke raina. Wata rana ta ce in ɗauki yaron, in dubi idonsa, in yi masa magana, ko da ban ji komai ba.

Na yi ta yi a ɓoye, ba na jin komai. Sai ran nan da hantsi, a tsakar gida, ya damƙe min yatsa, wani abu ya motsa a ƙirjina. Na manta da mutane. Na kira sunansa da ƙarfi, na yi dariya.

Goggo ta saki taɓarya tana salati.

“Kun gani ko? Wayag ga ta lalata ta! Ɗan fari, gaban mutane?”

Wato ina ciwo ni ce ɗiyar kirki, na fara samun sauƙi na zama marar kunya. Kafin azahar Inna ta karɓe wayar ta jefa a kwalla ta rufe, a ranar da malamar za ta kira.

Na bi ta ɗaki. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

“Inna, ba kunya ba ce. Ba ni da lafiya. Ba na jin komai game da yaron nan, sai yau. Ki ba ni wayata.”

Ta ci gaba da ninke zane, ba ta dube ni ba.

“To sai mi? Ni ma hakanan niy yi sadda aka haihe ki. Wata da watanni ban san ina da ɗiya ba. Na mutu?”

Ni ce ’yar farinta. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa jawo ni jikinta ba, ni kuma ina ta yi wa ƙawayena alfahari da kunyar uwata.

Na buɗe kwallar da kaina na ɗauki wayar. Ba ta hana ni ba.