Kofin Shayi a Kan Bonet

Jiya a bakin iyaka na ga tsohuwar Fijon marigayi Baffa, ƙanen mahaifina. An cire kujerun baya an loda mata jarkokin fetur, salansa sai ƙara take yi. Da shuɗin fentin nan na gane ta, wanda ya haɗa da hannunsa.

Shi in ya gyara inji, sai ya ɗora kofin shayi a kan bonet ya tayar. In shayin ya girgiza, ya sake kwancewa. Yakan ce, "Motar da ke tada jariri daga barci ba ta gyaru ba."

Ranar da zazzaɓi ya tsananta wa 'yata Hauwa, shi ya ɗauke mu zuwa asibiti a Maraɗi. Motar shiru, har ina jin numfashin Hauwa a ƙirjina. Mun wuce garin Magama kaɗan, na daina ji.

Na ce, "Baffa, mu koma."

Ya juya a hankali, ya kawo mu gida bai faɗa rami ko ɗaya ba.

Allah Ya sanyaya kabarinsa, Ya sada shi da Hauwa a Aljanna.