Mai Laima a Garin Kawu

Kawuna gyaran tabarau yake yi. Shagonsa idan mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya yi sallama daga waje. Wanda ƙafar tabaransa ta karye, ko 'yar kusar nan da ba ta fi ƙwayar yashi ba ta ɓace masa, wurinsa yake zuwa. Amma in ka tambayi matarsa, wadda muke kira Anti, mece ce sana'ar mijinta, cewa take yi, "Mai gari ne. Garin kuma yana kan teburin cin abincina."

Ba sharri ta yi masa ba. A zamanin samartakar Kawu akwai wani kamfanin garin sabulu da ke saka ɗan mutum-mutumin roba a cikin kowane kwali, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba: wanzami, mahauci, ɗan sanda, mai keke, nas. Kamfanin ya daɗe da rufewa, yaran da suka yi wasa da su sun yi furfura, amma Kawu bai samu labarin an tashi daga wasan ba. Duk Asabar yana kasuwar tsofaffin kaya, ya durƙusa gaban tarkace yana tono kamar kaza. In ya dawo da wani ɗan sanda mai hannu ɗaya, sai ka rantse ɗansa ne ya dawo daga tafiya.

Da su ya gina layin da shagonsa yake, yadda yake a da. Gidaje na kwali, katanga ta tsinken ashana, itatuwa na soso da ya sha koren fenti. Turakun fitila wayar tabarau ce, tagogi kuwa tsofaffin gilasan da masu su suka canza. A tsakiyar layin akwai tasha mai 'yar rumfa, gabanta kuma motar bas ja, mai ƙofar da ke buɗewa. Wannan motar ita ce ran Kawu. Kamfanin kaɗan ya yi, kuma duk wanda ya miƙa hannu zai taɓa ta sai ya ji gyaran murya daga bayansa.

Garin yana da doka guda: kowane ɗan roba mutum ne na gaske, kuma yana tsaye ne daidai inda Kawu ya fara ganinsa. Shi kansa da yake bai san inda ya fara ganin kansa ba, sai ya ajiye wani mai tabarau a cikin shago ya ce shi ne. Ni ma ina ciki. Jaririyar da nas ta rungume a ƙofar asibiti ni ce. Na girma, na yi aure, na haihu, amma a garin Kawu har yau ina cikin tawul.

Mutum ɗaya ce babu: Anti.

Shekara da shekaru tana mayar da abin wasa. Ita ke kakkaɓe ƙura da gashin kaza, ita ke korar kyanwa, ita ke ba baƙi haƙuri su ci abinci a kan cinya. Sai ranar da wata maƙwabciya mai dogon baki ta zo kallo, ta bi layin kaf da ido, ta ce, "To ke ina kike?" Anti ta yi dariya ta ce, "Ni ce mai teburin." Kowa ya dara. Amma tun daga ranar ta daina shiga falon. Shayin Kawu ya koma a bakin ƙofa ake ajiye shi, ƙura kuma ta fara hawa kan rufin asibiti.

Da na je, a kicin na same ta tana yanka albasa, wadda nake zargin don ta samu abin fakewa da hawayenta ta ɗauko ta.

"'Yar nan, har karen mahauci yana da wurin kwanciya a garin nan," in ji ta. "Ni ba zan roƙa ba. Amma ki faɗa masa ƙarshen wata ina son teburina."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ni kuma ban iya ɓoye fushi ba. Na wuce shago kai tsaye. Na san akwai wani gwangwanin madara a ƙarƙashin kantar shagon cike da 'yan robar da ba su samu aiki ba. Na zazzage shi a gabansa.

"Kawu, ga mata nan birjik. Ka ɗauki ɗaya ka ce ita ce mana. Me zai ragu a jikinka?"

Ya ɗaga ɗaya da hantsaki ya duba ta a haske. "Wannan kwando ta ɗauko. Antinki laima ta riƙe."

"To sai me?"

"A tasha na fara ganinta, ana ruwa, da laima. Kamfanin ya yi mai laima, amma ita ya fara dainawa. Tun kafin a haife ki nake nemanta."

"Shi ne ba ka taɓa faɗa mata ba?"

"In faɗa mata na kasa?"

Ka ji maza. Ya gwammace matarsa ta ɗauka ya manta da ita da ta san akwai abin da ya gagare shi. Da na matsa, sai ga sauran zancen: ashe ya gano guda ɗaya a bara, a hannun wani tsohon mai ɗaukar hoto da suke haɗuwa a kasuwa, wanda shi ma wannan ciwon ke damunsa. Mai hoton ya ce ba ta sayarwa ba ce. Musaya kawai zai yi, kuma motar yake so.

"To, Kawu, mota ko Anti?"

Ya cire tabaransa ya shiga gogewa, ga shi kuwa tas yake. "Tashar da ba mota ai ba tasha ba ce," in ji shi a hankali.

Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi masa ba.

Asabar ɗin ƙarshen wata na je da hantsi don in taya Anti kwashe garin, har da kwalayen da na roƙo a kanti. Muna tsaye a ƙofar falo sai ga Kawu ya shigo, hannunsa a dunƙule cikin aljihu. Ya wuce mu kai tsaye zuwa teburin. Ya zauna, ya ɗauki hantsaki, ya sunkuya kan tasha. A nan na lura gaban rumfar fayau yake, sai shacin tayoyi a cikin ƙura.

Abin da ya ajiye ba wani abin kallo ba ne. Fentin rigarta ya koɗe, hancinta ya shafe, laimar ta karkace gefe guda. Anti ta matso, ta sa tabaranta da shi ya ɗaure wa ƙafa da waya, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan mai shafaffen hancin ni ce?"

"Ke ce."

"Ina motar?"

"Ta tafi."

"Ikon Allah. Na gama jiran a sa ni a gari, da aka tashi sa ni sai aka tsayar da ni jiran motar da ba za ta zo ba."

"Ranar ma ai ba ta zo ba," in ji Kawu, idonsa a kan tebur. "Da ta zo da kin hau kin yi tafiyarki, ni ina bakin shago ina ta shirya yadda zan yi sallama."

Anti ta ƙura wa ɗan shagon ido. Ni kuwa na shiga neman abin kallo a jikin labule, don idona ya ciko. Can sai ta miƙa hannu ta karɓi hantsakin, abin da ko ni ban taɓa gigin yi ba. Ta zura shi cikin ɗan shagon, ta ciro mai tabarau ta wuya, ta dire shi kusa da mai laima.

"A'a, ba nan ne wurinsa ba," in ji Kawu. "Doka..."

"Doka ta ce inda aka fara ganin mutum. Nan na fara ganinka, jiƙe sharkaf, kana tambayata ƙarfe nawa alhali ga agogo a hannunka. Kai kaɗai ke da ido?"

Ta miƙa masa hantsakinsa, ta dube ni. "Ke kuma ki mayar wa mai kanti kwalayensa. Ki miƙo min gashin kazar nan, dubi yadda asibiti ya koma."

Har yau in mun je gidan a kan cinya muke cin abinci.