Ranar da Irene Ta Sauke Baƙo

Irene 'yar Kafanchan ce. Aikinta a Dubai shi ne zagaya gari da baƙi a kan keken lantarkin nan mai taya biyu da ake hawa a tsaye. Duk shirmen 'yan yawon buɗe ido takan haɗiye shi da murmushi.

Wata rana a 2019 wani baƙo mai ji da kansa ya saki layi yana ɗaukar kansa bidiyo, ya banke wani dattijo mai shara. Tsohon na ƙasa riƙe da gwiwa, baƙon kuwa sai dariya yake.

Ran Irene ya ɓaci, ta sha gabansa ta riƙe keken.

"Sauka! Khalas, yawonka ya ƙare. Mutum ka ture, ba kwandon shara ba!"

Haka ya koma da ƙafa cikin rana yana zage-zage. Manajanta ya ce ta ba baƙon haƙuri.

"Ya fara ba tsohon tukuna," in ji ta.

Aka mayar da ita ɗakin ajiya a unguwar Al Quoz tana cajin batura. Har yau in aka tada maganar sai ta ja tsaki.