Maginin da Ya Ƙi Yin Katanga

Sieni tana 'yar shekara tara ta fara jin sunan Lafaele, kuma cikin tsinuwa ta ji shi. Kakarta Fuatino na kankare kwakwa, ta tofar da yawu gefen tabarma ta ce, "Lafaele, Allah ya hana ka inuwa yadda ka hana ɗana."

Ɗan nata shi ne Peniamina, mahaifin Sieni. Tun da taɓin hankali ya same shi aka tsallaka teku da shi daga tsibirinsu na Savai'i zuwa wani asibiti a birni, aka sa shi a ɗaki mai taga ɗaya. Sau biyu a shekara ake kai Sieni ta gan shi.

Lafaele babban magini ne, gadon gidansu. Bai taɓa buga ƙusa a rufi ba, da igiyar ɓawon kwakwa yake ɗaure komai. Shi ya sa da wata likita da mai zanen gini suka kawo shawarar a yi wa masu wannan ciwo masauki a gefen ƙauye, shi aka damƙa wa aikin. Gida aka zana irin na kowa: ginshiƙai a kewaye, babu bango, sai asabari a sauke in ruwa ya taso. Gonar gwaza a baya, teku a gaba, dangi su shigo da abinci duk sa'ad da suka ga dama. Peniamina ne na farko cikin waɗanda za a dawo da su.

Ginshiƙai ashirin da huɗu sun tsaya, sai tsoron masu ciwon ya shiga ƙauye. Masu sarauta suka zauna, suka ce sai an kewaye wurin da katangar bulo da ƙofar ƙarfe. Lafaele ya naɗe igiyarsa, ya saɓa gizagonsa, ya yi gida. Aikin da babban magini ya bari cikin fushi kuwa, babu maginin da zai taɓa shi sai da yardarsa. An nemo uku daga wasu ƙauyuka, kowanne ya dubi ɗaurin ginshiƙan, ya gane hannun, ya juya.

Shekara goma sha ɗaya ginshiƙan na shan rana. Sieni ta gama sakandare, ita ke ajiye wasiƙun mahaifinta a gwangwanin biskit, tana ganin rubutunsa na ƙara ƙanƙancewa. Ranar da wasiƙa ta zo da layi biyu kacal, ta tafi gidan Lafaele da hantsi. Ta same shi yana murza igiya a cinya.

"Sannu da hutawa, Baba. Hutu ya karɓe ka."

"Jikar Fuatino ce? Na gane bakin. Zauna. Ba a koya miki cewa ba a magana a tsaye a gidan mutane ba?"

Ta ƙi zama.

"Katanga ce fa kawai! Kaka ta ce ko kurkuku ne a gina, in dai za ta riƙa kai wa mahaifina kifi da zafinsa."

"Kakarki ba ita za ta kwana a ciki ba. Aladu muke yi wa katanga a ƙauyen nan, 'yar nan. Ko matattunmu a ƙofar gida muke binne su, suna jin hirarmu."

"To madalla. Kai kana shan iska da girman kanka, shi yana ɗaki mai taga ɗaya. Wa ka ceta? Faɗa mini sunan mutum ɗaya."

Hannun tsohon ya tsaya a kan cinyarsa. Sieni ba ta ji tausayinsa ba, ba ta kuma yafe masa ba. Ta juya za ta fita ya kira ta.

"Da likita, da masu sarauta, da kakarki, da ni kaina, duk mun yi ta surutu a kan Peniamina. Babu wanda ya tambaye shi. In kin tsallaka wannan karon, ki zana masa ginshiƙan nan a takarda, ki tambaye shi, da katanga ko babu. Ki kawo mini amsar yadda ta fito daga bakinsa, kada ki gyara. In ya ce a yi, ni zan aza bulon farko."