Raɗar Gwaggo Tasalla

Duk ƙauyensu, can gefen Ɗanbatta, babu mai daddawa kamar Gwaggo Tasalla, kuma a ganinta babu wadda ta kai ta iya raɗa. Kunnenta ya daɗe da yin nauyi, amma ko a jikinta, dama sauraro bai taɓa zama sana'arta ba.

Da ɗanta Hashimu ya kai ta Kano aka maƙala mata na'urar ji, fitarta ta farko gidan suna ce. Ta ɗanɗana miya, ta karkata wajen aminiyarta Dije, ta kare baki da mayafi.

"Wannan miya ko daga nesa ba ta ga daddawa ba, sai ka ce ruwan..."

Sai ta tsaya. Muryarta ta cika tsakar gida kamar lasifikar masallaci, amma babu wadda ta ɗago kai, har mai girkin.

"Dije, dama haka nake raɗa?"

"Shekara da shekaru, Yaya. Mun saba."

Tasalla ta tuno duk abin da ta taɓa faɗa a kan matar liman. Ta zare na'urar, ta ƙulle a bakin zane, sannan ta ƙarasa zancen miyar.